Kan da Ya Shekara Yana Gadin Doya a Ƙasar Jama'a

Mai karatu, a ce kai akawu ne a wani ramin kuza cikin duwatsun ƙasar Jama'a, nan kusa da Kafanchan, wajen shekarar 1943. Rannan leburori suna cikin haƙa, sai ga kan mutum ya leƙo daga cikin tsakuwa. Da aka wanke shi aka ga ashe na gasasshen yumɓu ne, amma komai na fuskar ɗan Adam yana nan: goshi, hanci, leɓɓa, kunnuwa, da idanu biyu da aka huda ƙwayarsu, suna kallon duk wanda ya kalle su. Ba wanda ya san mai shi, ba wanda ya san tun yaushe yake kwance a wurin. To, me za ka yi? Ka sa masa diga ka farfasa shi, don kada ya zama abin tsafi ne? Ka mayar da ƙasa ka rufe, ka yi kamar ba ka gani ba? Ko kuwa ka kai wa Bature?

Akawun da abin ya faru a wurin aikinsa bai yi ko ɗaya ba. Ya ɗauki kan nan ya tafi da shi gida, ya kai gonarsa ta doya, ya kafa shi mutum-mutumi don ya kore masa masu ɓarna. Haka kan ya shekara guda a tsakanin kunyoyin doya, ruwan damina ya dake shi, hunturu ya busa shi. An ce kuma ya yi aikin da aka sa shi yadda ya kamata. Abin da mai gonar bai sani ba shi ne, ɗan gadin nasa ya girmi masarautar Jama'a, ya girmi Zazzau, ya girmi ganuwar Kano. Shekarunsa sun kai wajen 2,500.

Kafin mu bi kan nan zuwa Jos, sai mun san abin da ya kai diga inda yake kwance. Duk wanda ya tsaya a Kafanchan ya dubi gabas zai ga dutsen Kagoro ya tokare sama. Nan ne gefen tsaunukan Filato, inda tudu ke ƙarewa ƙasa ta gangaro. Ruwan sama yana da yawa a yankin, tun daga Afrilu har Oktoba, rafuka kuma suna saukowa da ƙarfi, wani ma sai ya faɗo ta kan dutse, kamar yadda ake gani a Matsirga. Cikin duwatsun Filato akwai kuza. Shekaru dubbai ruwa yana cin dutsen, yana kwaso baƙin yashin nan mai nauyi yana jibgewa a kwaruruka, ƙasa tana biyowa tana rufewa. Ruwa kuwa ba ya zaɓe. Da kuza, da tsakuwa, da kayan mutanen da suka taɓa zama a bakin rafi, duk wuri ɗaya yake kai su.

Kuzar nan ita ta jawo kamfanonin Turawa tun farkon ƙarni na 20, ita ce kuma ta jawo jirgin ƙasa. A 1927 aka haɗa Kafanchan da Jos, wannan gari na mutanen Fantswam ya zama mararrabar layin dogo: gawayin Inugu ya hau arewa, kuzar Filato ta gangara Fatakwal. Da gari ya cika ya batse, Sarkin Jama'a ma ya baro tsohon garinsa ya dawo Kafanchan a 1933. Sannan ga yaƙin duniya na biyu. A 1942 sojojin Japan suka ƙwace Malaya, inda Ingila ke samun mafi yawan kuzarta, sai idon Turawa ya komo kan Nijeriya. Aka shiga kwasar talakawa daga lardunan Arewa ana kai su ramukan kuza a kan dole, abin da mutanen lokacin suka kira diban gwamna. Dubun dubatar manoma suka bar gonakinsu, sanyin Filato da yunwa da cuta suka kashe da yawa daga cikinsu. Ba a taɓa tona ƙasar nan da gaggawa irin ta waɗannan shekarun ba. Wa ya san kawuna nawa diga ta ratsa, ba wanda ya waiwaya?

Wannan dai Allah ya yi zai tsira. Labarinsa ya kai ga manajan ma'adinan, wani Bature, ya gan shi, ya karɓe shi. A lokacin ƙasar Jama'a tana ƙarƙashin lardin Filato ne, don haka Jos ya nufa da shi. Can ya nuna wa wani ƙaramin jami'in mulki mai suna Bernard Fagg, ɗan shekara 28, wanda ya karanta ilimin tono kayan tarihi a Jami'ar Kambirij kafin ya shigo aikin gwamnati a 1939. Fagg ya juya kan nan, ya dubi idanun, sai gabansa ya faɗi. Ya taɓa ganin irin wannan aikin hannu a wani wuri.

Wajen shekara 15 kafin nan, a 1928, leburorin wani mai haƙar kuza, Kanar Dent Young, sun tono wani ɗan ƙaramin kai mai kama da na biri a zurfin ƙafa 24, kusa da ƙauyen Nok, ƙasar Ham, wadda Hausawa ke kira Jaba. Young ya miƙa shi ga ɗan ɗakin ajiya na Sashen Ma'adinai a Jos, aka aje, aka manta. Fagg ya kawo wannan kusa da wancan. Yumɓu iri ɗaya, gashi iri ɗaya, salon hannu iri ɗaya, alhali ramukan da suka fito ba kusa suke da juna ba. Abu ɗaya yana iya zama wasan wani maginin tukwane. Abu biyu daga wurare biyu kuwa, ai al'umma ce.

Yanzu kuma, mai karatu, shiga rigar Fagg. Kai ƙaramin ma'aikaci ne, ana tsakiyar yaƙi, manyanka ba abin da suke so su ji sai nauyin kuzar da aka loda a jirgi. Za ka tsaya ɓata lokaci a kan fasassun tukwane? Da yawa da sun yaba kan, su aje shi a kan teburi ya zama ado, shi ke nan. Fagg ya shiga bin ramukan kuza ɗaya bayan ɗaya, yana roƙon manajoji da leburori cewa duk wanda ya ga wani abu na yumɓu kada ya yar. A nan ya gane cewa mutane sun daɗe suna cin karo da irin waɗannan abubuwa. Kafin wasu 'yan shekaru ya tara kusan 200: kawuna, hannaye, ƙafafu, gangar jiki, har da siffofin dabbobi. Ya raɗa wa al'ummar da ta yi su sunan ƙauyen da aka fara samun na farko. Daga ranar, ɗan ƙauyen Nok da ke kusa da Kwoi ya shiga littattafan tarihin duniya.

Ina so mu ɗan tsaya a kan akawun nan, domin an saba ba da labarinsa ana dariya, ana cewa rashin sani, kaza ta kwana a kan dami. Ni ban ga abin dariya ba. Mutumin nan ya ga fuska, ya san fuska ce mai kwarjini, har ya yarda za ta iya tsorata abin da ya shigo gonarsa. Bai fasa ta ba, bai jefa ta rafi ba, kuma da aka tambaya an san ramin da ta fito. Saboda haka ne har yau masana ke kiran ta Kan Jama'a. Littattafai sun riƙe sunan Kanar, sun riƙe sunan Fagg, amma shi da leburan da digarsa ta fara taɓa yumɓun sun wuce ba suna. Wannan rashin adalci ne, ya kamata kuma duk mai ba da labarin ya faɗe shi.

To, mene ne a jikin waɗannan siffofi da ya girgiza masana? Fara da ido. Kusan kowane kan Nok yana da ido mai kusurwa uku, ko mai kama da rabin wata, gira a sama, ƙwayar ido a huje. Hanci a huje, kunne a huje, sau da yawa baki ma a buɗe. Hujin yana ba fuskar rai, yana kuma da wani amfani: cikin siffar rami ne, an gina ta ne da nannaɗen yumɓu hawa-hawa yadda ake gina tukunya, in aka sa ta a wuta kuwa dole zafi da tururi su sami mafita, in ba haka ba ta tarwatse. Duk macen da ta taɓa gasa randa ta san wuyar abin. Su kuwa waɗannan sun gasa siffofin da wasunsu suka haura mita guda a tsaye.

Sai ado. Ga kitso iri-iri, tukkaye, doka, gashin da aka naɗe ƙulli-ƙulli. Ga duwatsun wuya rututu, ga warwaro a hannu da ƙafa, ga jigida a ƙugu. Ga namiji zaune ya ɗora haɓa a kan gwiwa yana tunani, ga mai gemu, ga mai hula. Ba kyawawa kaɗai suka siffanta ba, akwai fuskar da ciwo ya karkatar, akwai jikin da ya kumbura. Mutanen da ke da lokacin yin wannan kitso, da masu sana'ar da za su zauna su kwaikwaye shi a yumɓu, ba mutanen da yunwa ke kora daga kogo zuwa kogo ba ne. Amma yaushe suka rayu?

Nan ne gardama take. A wancan zamani Turawa da yawa ba su yarda baƙar fata zai iya irin wannan aiki da kansa ba. Da Bajamushen nan Leo Frobenius ya ga kawunan Ife a 1910, cewa ya yi aikin wata ɓatacciyar al'umma ce da ta zo daga wajen Afirka. Fagg ya dubi zurfin ƙasar da ta rufe kayan Nok, ya yi ƙiyasin cewa sun kai shekara 500 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam. Ba shi da wata hujja sai ta ƙasa da tsakuwa. Ana nan sai masana kimiyya a Amurka suka fito da wata hanyar auna shekaru a ƙarshen shekarun 1940. Kowane abu mai rai, itace ko dabba, yana ɗauke da wani nau'in sinadarin kabon wanda ke fara raguwa daga ranar da ya mutu, rabinsa yana ƙarewa cikin shekara kamar 5,730. In ka auna abin da ya rage a guntun gawayi, ka san lokacin da aka sare itacen. Aka gwada itace da gawayin da aka samu tare da kayan Nok. Ƙiyasin ƙaramin jami'in nan bai kauce ba.

Duk da haka akwai matsala. Kayan da ruwa ya kwaso ya zubar a kwari ba su gaya maka yadda masu su suka zauna. Fagg yana neman inda mutanen suka bar kayansu da hannunsu. Ya same shi a Taruga, kudu maso gabas da Abuja, inda ya yi tono a shekarun 1960. Ga gutattsarin siffofin yumɓu, ga tukwane, ga kuma abin da ba a zata ba: murhun narka tama har 13, da kashin maƙera, da bututun yumɓu da ake zuga iska ta ciki. Gawayin murhun ya nuna ƙarni na 5 zuwa na 3 kafin haihuwar Annabi Isa. A wurare da yawa na duniya sai da mutane suka daɗe suna aikin tagulla kafin su kai ga ƙarfe. A nan kuwa ana samun ƙarfe kusa da gatarin dutse, irin wanda manoma ke tsinta a gona suna kira gatarin aradu. Daga dutse suka tsallaka zuwa ƙarfe kai tsaye.

Fagg bai tsaya a tono ba. Shi ya kafa gidan tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952, ya kuma shugabanci Sashen Kayan Tarihi na Nijeriya daga 1957 zuwa 1963. 'Yarsa Angela ta gaje shi, ta yi nata tonon a Samun Dukiya, cikin kwarin Nok. Sannu a hankali taswira ta fito: daga Kagara a jihar Neja ta yau har Katsina-Ala a Binuwai ana samun wannan salon, Kudancin Kaduna kuwa yana tsakiya. Ƙasa ce mai faɗin gaske. To, wa ya mulke ta? Me suke kiran kansu?

Dubi wata ƙasa mai duwatsu a can nesa, don ka ga bambanci. A daidai zamanin da ake gasa waɗannan siffofi, a tsaunukan Armeniya, kewayen tafkin Van, akwai daular Urartu, su ma gwanayen ƙarfe ne. A shekara ta 782 kafin haihuwar Annabi Isa sarkinsu Argishti na Ɗaya ya gina wata ganuwa mai suna Erebuni, ya sa aka sassaƙa labarin ginin a jikin dutse, da sunansa da na ubansa. Dutsen yana nan. Da shi mutanen Yerevan, babban birnin Armeniya, suke ƙirga shekarun garinsu, har suka yi bikin cika 2,800 a 2018. Su sun bar suna a rubuce. Mutanen Nok fuskokinsu suka bari, da kitsonsu, da adonsu, amma ko harafi ɗaya babu. Wanda bai bar rubutu ba, ƙasar da ta rufe shi ce kaɗai za ta yi magana a madadinsa. Riƙe wannan, mai karatu, domin shi ne zai nuna maka girman ɓarnar da ke tafe.

Mutanen Ham, waɗanda ke taruwa a Kwoi kowace shekara don bikin Tuk Ham a gaban Kpop Ham, suna ɗaukar Nok gadonsu, kuma ƙauyen a ƙasarsu yake, da ɗan gidan tarihinsa. Fagg kansa ya lura da kamanni tsakanin adon siffofin da na wasu al'ummun yankin. Sai dai shekara 2,000 tafiya ce mai nisa, mutane sun shigo, mutane sun fita. Abin da ba a gardama a kansa shi ne, da Ham, da Bajju, da Atyap, da Agworok, da Gwong, da Fantswam, da Hausawa da Fulanin Jama'a, duk a kan kufai ɗaya suke noma. Yankin da aka fi jin sunansa a rediyo in an yi rikici a kan wa ya riga wa zuwa, a ƙarƙashinsa akwai waɗanda suka riga kowa.

A 2005 wasu masana daga Jami'ar Goethe ta Frankfurt a Jamus, ƙarƙashin Farfesa Peter Breunig da Nicole Rupp, suka zo da niyyar sauraron ƙasar da kyau, tare da Hukumar Gidajen Tarihi ta Nijeriya. Suka kafa sansani a Janjala, ƙaramar hukumar Kagarko, suka ɗauki mutanen ƙauyukan aiki. Ba siffofi kaɗai suke nema ba. Ƙasar da suka tono sai su tace ta da ruwa, su tsince ƙonannen hatsi ƙwaya-ƙwaya. Da haka suka tura farkon labarin baya zuwa wajen shekara 1500 kafin haihuwar Annabi Isa, suka nuna cewa siffofin sun fara bayyana wajen 900, ƙarfe ya biyo baya, sannan wajen farkon miladiyya salon ya ɓace gaba ɗaya. Me mutanen ke ci? Gero da wake, da 'ya'yan atile, wanda har gobe ake sayarwa a kasuwannin yankin. Ba su sami birni ko fada ba, sai ƙananan matsugunai a warwatse, da duwatsun niƙa.

Abu biyu suka fi ɗaure kai. Na farko, kusan ba a samun siffa cikakkiya a inda masu ita suka bar ta. A farfashe ake samun su, an tara gutattsarin a rami, kamar da gangan aka fasa aka binne. Na biyu, kusa da irin waɗannan ramuka akan ga duwatsu an jera, da tukunya ɗaya ko biyu, da duwatsun wuya kwance a jere yadda suke a zare. Ƙashi kuwa babu, domin ƙasar yankin tana da tsami, tana cinye shi. Masanan suka fahimci cewa kaburbura ne, siffofin kuma suna da alaƙa da jana'iza ko tuna magabata. A wani wuri mai suna Pangwari har an sami siffar kwalekwale da mutum biyu suna tuƙi. Ka ga, da a kasuwa aka tsinci waɗannan kaya, wa zai san akwai kabari a gefensu?

Har fasassun tukwane ma sun yi magana. Aka kai gutattsari sama da 450 Jami'ar Bristol a Ingila, aka binciki maiƙon da ya shige cikin yumɓun. A 2021 sakamako ya fito: cikin waɗanda suka riƙe sauran abin da aka zuba musu, sama da kashi ɗaya cikin uku suna ɗauke da kakin zuma. Ita ce shaida mafi daɗewa ta cin zuma a Afirka ta Yamma, shekara wajen 3,500. Mai ɗora amya a kan bishiya a Kudancin Kaduna yau, sana'ar da yake yi ta fi duk wata sarauta da ya sani tsufa. Amma kafin wannan sakamako ya fito, aikin tono ya riga ya tsaya, kuma da jini ya tsaya.

Ranar 22 ga Fabrairu, 2017, 'yan bindiga suka auka wa masu aikin a kusa da Janjala, suka tasa Farfesa Breunig da abokin aikinsa Johannes Behringer zuwa daji. Mai karatu, a ce kana wurin. Baƙi ne, ba danginka ba, ba addininku ɗaya ba wataƙila, ba yarenku ɗaya ba. Masu bindiga sun riga sun juya baya, ba kai suke nema ba. Za ka bi su? Mutum biyu daga cikin mutanen ƙauyen sun bi, don su ceto baƙinsu. Aka harbe su, suka mutu. Bayan kwana uku aka sako Jamusawan da ransu, jaridun duniya suka buga hotunansu. Waɗannan biyun kuwa, waɗanda suka ɗauki amanar baƙo da nauyin da ya fi ransu, iyalansu ne suka san abin da aka rasa. Allah ya ji ƙansu. Duk ranar da za a rubuta tarihin binciken Nok da gaskiya, sai an sa su a sahun gaba.

Da masana suka janye, fili ya koma hannun wasu masu tonon, waɗanda dama sun riga su zuwa. Tun a shekarun 1990, lokacin da darajar naira ta faɗi, rayuwa ta yi tsanani, dillalai suka shiga ƙauyuka da kuɗi a hannu. Doka ta 77 ta shekarar 1979 ta hana saye da sayar da kayan tarihi da fitar da su ba izini, amma doka tana Legas da Abuja, yunwa tana cikin gida. Samari suka bar fartanya suka ɗauki diga. Aka mayar da gonaki da tuddai ramuka-ramuka, har Jamusawan suka ce mafi yawan wuraren da suka isa, an riga an tone su. Kaya suka bi ta Kwatano da Lome zuwa Brussels da Paris, abin da aka saya a hannun manomi da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, a can ya zama dukiya. Mai neman kai ba ruwansa da gawayi, ko ƙwayar gero, ko jeren duwatsun wuya. Watsar da su yake yi. Tono irin wannan daidai yake da a yage shafi ɗaya mai zane daga littafi a ƙone sauran.

Kada ka yi saurin zagin mai digar. In ga yara ba abinci, ga kuɗin makaranta, ga wani ya ce akwai abin da zai biya a ƙarƙashin gonarka, me za ka yi? Ni laifin da na fi gani yana wuyan wanda ya ƙoshi, ya yi karatu, ya san abin da ake lalatawa, ya kuma miƙa kuɗi. In ɓera da sata, daddawa ma da wari: kaya ba su tsallake iyaka da ƙafarsu, sai da wasu namu suka kau da kai.

Ga misalin da ya fi kowanne. A ƙarshen shekarun 1990 gwamnatin Faransa ta sayi siffofi uku a hannun wani dillali a Brussels, biyu na Nok, ɗaya na salon da ake kira na Sakkwato, domin a can ma da Katsina an tono irin nasu. Shugaba Jacques Chirac yana shirin kafa sabon gidan tarihi, yana son su ƙwarai. Kowa ya san ba ta halal suka bar Nijeriya ba. Jami'an Hukumar Gidajen Tarihi ta Nijeriya suka ƙi amincewa, amma Chirac ya nemi yardar Shugaba Olusegun Obasanjo, ya samu. A watan Afrilun 2000 aka baje su a Louvre, gidan tarihi mafi shahara a Paris. A wannan shekarar ce kuma Majalisar Gidajen Tarihi ta Duniya ta fitar da jerin kayan Afirka da ta ce kada kowa ya saya domin na sata ne, siffofin Nok suna ciki. Aka yi ca a kan Faransa. Lord Renfrew, babban malamin Kambirij, ya fito fili ya soki Chirac.

Kwatanta wannan da abin da ya faru a 2013, lokacin da aka ɗauki kayan da masanan Frankfurt suka tono, da izinin Nijeriya, aka gyara su, aka nuna su a gidan tarihi na Liebieghaus, sannan aka dawo da su Kaduna. Kowane ɗaya an san ramin da ya fito, da zurfinsa, da abin da ke kusa da shi. Na Paris kuwa ba mai iya nuna maka gonar da aka tono su, ko kabarin wa suke gadi. Wannan ilimin ya tafi, kuɗi ba ya dawo da shi.

Da surutu ya yi yawa a kan siffofin na Paris, sai aka sasanta a 2002. Faransa ta amince a rubuce cewa siffofin uku mallakar Nijeriya ne. Nijeriya kuma ta amince ta bar mata su aro na shekara 25, da sharaɗin ana iya sabuntawa. Aka buɗe gidan tarihin Chirac, Quai Branly, a 2006, kayan suka ci gaba da zama a Paris. Yi lissafi da kanka: 2002 a ƙara 25, ya kama 2027. Mai karatu, a ce kai ne jami'in da aka ajiye wa takardar sabuntawa a kan teburi, ga jakadan Faransa zaune yana jira, ga kuma mutanen Nok da Kwoi da Janjala suna sauraron abin da za ka yanke. Za ka sa hannu?